Shinkafa ko Kasafi: Da Me Mutanen Shira Za Su Auna Ɗan Majalisarsu?

Ƙaramar Hukumar Shira tana da kujeru biyu daga cikin kujeru 31 na Majalisar Dokokin Jihar Bauchi, ɗaya ta mazaɓar Disina, ɗaya ta mazaɓar Shira. Ba kowa ya samu haka ba, domin maƙwabtanta Giyade da Jama'are kujera ɗai-ɗai gare su. Amma in aka taso da zancen ko wakili ya yi aiki, a bakin kasuwa ne ko a dandalin hira a Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar, ma'aunin kusan ɗaya ne: buhun shinkafa nawa ya raba da azumi, wa ya biya wa kuɗin asibiti, ɗalibai nawa ya saya wa fom ɗin JAMB, ya zo ta'aziyya da kansa ko aike ya yi. A ganina wannan ma'auni yana cutar da mu, domin da shi muke yafe wa wakili aikin da babu mai iya yi sai shi, mu ɗora masa wanda kowane attajiri mai hannun kyauta zai iya.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai ɓoye aikin ɗan majalisar jiha ba. Sashe na 120 da na 121 sun hana a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai majalisa ta amince da shi a dokar kasafin kuɗi. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincikar yadda ma'aikatu ke kashe abin da aka ware musu, har ta kira kwamishina ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani da takardu. Sashe na 125 kuma ya ce a gabanta babban mai binciken kuɗi na jiha zai ajiye rahotonsa. Ke nan idan iska ta yaye rufin aji a wani ƙauye aka shekara biyu yara na karatu a gindin bishiya, tambayar da ta dace da ɗan majalisa ba ita ce ko zai sayi kwano daga aljihunsa ba. A tambaye shi: an sa gyaran a kasafi? In an sa, an saki kuɗin? In an saki, wane ɗan kwangila aka ba, kuma wane ne ya sa hannu cewa an gama?

A harkar ilimi abin ya fi fitowa fili. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Sai dai jiha ba ta karɓar kason gine-gine har sai ta ajiye nata daidai da shi, kuma an sha ganin jihohi a Najeriya sun bar kuɗinsu jibge a Abuja shekara da shekaru saboda sun kasa ajiye wannan kaso. Wa ke amincewa da shi a kasafi? Majalisa. Wa ke da hurumin ganin jerin makarantun da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta tsara za ta gyara, ya ce me ya sa babu na mazaɓata? Ɗan majalisa. Haka batun malamai. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh tana nan Azare tana yaye masu NCE kowace shekara, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. Idan makarantar ƙauye ta wayi gari da malami ɗaya ko biyu, ba masu takarda ne suka ƙare a ƙasar Katagum ba. Ɗauka ce ba a yi ba, ko an ɗauka an cunkusa su a gari. Duka biyun maganar kasafi ce da sa ido, kuma fom ɗin JAMB ba ya amfanar yaron da ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba.

Lafiya ma haka take. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da nufin kowace gunduma ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Tun 2001 kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya. Gwamnatoci suna son ambaton irin wannan adadi ranar gabatar da kasafi, amma abin da aka rubuta a Disamba daban, abin da aka saki kafin wata Disambar daban, kuma tsakanin biyun nan ne aikin wakili yake. Mace mai naƙuda da aka ɗauko daga ƙauyen Shira zuwa babban asibitin tarayya na Azare, sau da yawa ba don ciwonta ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba ne, sai don babu ungozoma da dare, ko babu wuta, ko babu magani. Wancan asibiti na tarayya ne, ba ya ƙarƙashin majalisar jiha. Na gunduma kuwa yana hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha, wadda majalisa ke iya kira gobe. Wanda ya ga yadda ambaliyar daminar 2024 ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, ta kuma taɓa Shira da Giyade, ya san cewa akwai ranar da Azare ba ta zuwuwa.

Wani zai ce wannan magana ce ta mai ƙoshi: wanda ɗansa ke kwance yau ba zai jira zaman kwamiti ba. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa wakili ya rufe ƙofarsa ga mabuƙaci. Amma a yi lissafi. Albashi da alawus na mutum ɗaya, komai yawansu, ba za su ɗauki ciwon dubban masu zaɓe ba, saboda haka taimakon yakan tsaya kan wanda ya san wani na kusa da shi. Abin da ya fi muni, wakilin da ƙofarsa ke cike da masu roƙo dole ya nemi kuɗi, kuma inda kuɗi suke shi ne ɓangaren zartarwa, wato waɗanda aka zaɓe shi ya bincika. Ranar da ya karɓi alfarmar kwangila daga ma'aikata, ya sayar da bakinsa a kanta.

Wani kuma zai ce majalisun jihohi 'yan amshin shatan gwamnoni ne, ko wace jam'iyya ke mulki, to me mutum ɗaya zai iya? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ko da yake gyaran tsarin mulki ya ba majalisun 'yancin riƙe kuɗinsu. Sai dai yawancin abin da mazaɓa ke buƙata ba ya neman faɗa da gwamna. Sa aji shida a kasafi, ko neman a turo ungozoma biyu, abu ne da ake gamawa a kwamiti lokacin da ma'aikatu ke kare kasafinsu, kuma mai samu shi ne wanda ya zo da sunan makaranta da adadin yara, ya kuma dawo bayan wata uku yana tambaya. Wakilai biyu da suka haɗa kai a kan buƙatar ƙaramar hukuma ɗaya ba ƙaramin nauyi ba ne a zauren mutum 31.

Sauran aiki na jama'a ne. Kwamitin kula da makaranta da kwamitin ci gaban gunduma su daina kai kuka da baki; su rubuta, da kwanan wata da sa hannun mai unguwa, su riƙe kwafi, su kai tun kafin ƙarshen shekara lokacin da ake haɗa kasafi. Majalisa tana da kwamitin karɓar koken jama'a, kuma wakili ne ke gabatar da takardar a zaure. A kuma raba ƙafa daidai: tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, akwai tambayoyin da shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli ne za su amsa a Yana, ba a Bauchi ba. Masu barazanar kiranye su sani cewa sashe na 110 yana neman sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, sannan INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 tun wajen tantance sa hannu ya rushe. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye kwafin takardun nan, ranar da aka dawo neman ƙuri'a a karanta su a gaban ɗan takara, ɗaya bayan ɗaya, a ji amsar kowace.