Kos Ta Wayar Hannu Ga Ma'aikatan Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

A zamanin En'e, idan aka ce za a ƙara wa malamin ofis ilmin aikinsa, sai ya ɗaure kayansa ya nufi Zariya. A can Kongo ne makarantar koyon aikin akawu ta ke, wadda daga baya ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki, yau kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Mutum ya yi watanni, ya komo da takardar shaida, a ce wane ya yiwo kos. Da aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin 1976, sai aka sami sauƙi: malamin firamare yana bakin aikinsa a ba shi littattafai, ya riƙa zuwa aji ƙarshen mako da lokacin hutu. To, yau magana ta kai ga wayar hannu, watau darasi ya iske ma'aikaci cikin aljihunsa.

A jihar Katsina da wuya a sami inda wannan abu ya fi dacewa kamar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙasashe ne na noma, masara da dawa da auduga, amma sun jingina da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. Mai karatu bai manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba: 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe yara fiye da 300, sai bayan kwana shida aka sako su. A irin wannan ƙasa, kiran ma'aikacin asibitin ƙauye ya zo Katsina ko Funtuwa taron kwana uku ba ƙaramar magana ba ce. Ga hatsarin hanya, ga shi kuma sau da yawa idan ya tafi babu wanda zai buɗe ɗakin shan magani.

Darussa na kowa da kowa dai akwai su. Cikin 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe Nigeria Learning Passport, inda yara da malamansu ke samun karatu kyauta ta intanet. Abu ne mai amfani. Amma rigar kanti daban, rigar da tela ya gwada mutum kāna ya yanka daban. Kos na wurin aiki shi ne wanda aka shirya saboda waɗansu ma'aikata sanannu, da wani aiki sananne da ake so ya gyaru.

Saboda haka mai shirya shi ba da kwamfuta zai fara ba. Sai ya zauna da masu aikin da shugabansu, ya ji inda kuskure ya fi faɗuwa. Ga misali, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana ba yara da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yinsa a 2012, Katsina kuwa tana cikin inda aka soma shi a Nijeriya cikin 2013. Ana ba yaro daga ɗan wata 3 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba, sau ɗaya a wata. Ranar farko mai rabawa ne ke ba da shi da hannunsa, na kwana biyun da suka rage kuma uwa ce za ta bayar. Ƙunshin wanda bai kai shekara ba daban ne da na manyansa. Yaron da ya amayar kafin minti 30 sai a sake ba shi, wanda aka iske jikinsa da zafi kuwa asibiti za a aika shi a gwada jininsa. Kowace gaɓa daga cikin waɗannan darasi ɗaya ce mai zaman kanta, ta 'yan mintoci, da murya da hoto. Tarihin cutar da sunayen ƙwayoyinta na Turanci sai a bar wa likitoci.

Haka malamin gona. Tun shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa a 1975 manoman wannan yanki suka saba da shi. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓullo a Nijeriya cikin 2016, hoton ɓarnarta da aka ɗauka a gonar Faskari ya fi masa amfani da shafi goma na bayani.

Sai babbar matsala. Cikin Satumba, 2021, a mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda tsaro, waɗannan uku suna ciki, aka kuma yi watanni haka. Kos ɗin da aka gina bisa cewa kowa zai kama intanet a sa'a ɗaya ya kalli malami yana magana, da ranar nan ya mutu. Dabara ita ce a zaɓi abin da ake saukewa a ajiye cikin waya. Moodle, wanda Martin Dougiamas mutumin Ostiraliya ya fitar a 2002, kyauta ne, yana kuma barin mutum ya sauke darasi ya yi ba tare da layi ba, amsoshinsa su tafi ran da ya sami layi. Kolibri kuwa kwamfuta ɗaya ta isa ta raba wa wayoyin da ke kusa da ita ko babu intanet. In duk wannan ya faskara, ɗan katin memori da ake zuba waƙa a kasuwa zai ɗauki darasi ashirin. Kuɗin data da na cajin waya kuwa hukumar da ta ɗauki mutum aiki ya kamata ta biya, kada a ɗora wa ɗan albashinsa.

Harshe ma sai an kula. A yi murya da Hausa, irin wadda ake ji a kasuwar Sheme, rubutun kuma a yi shi boko da ajami, gama akwai direba da maigadi da ungozoma waɗanda allo suka yi, ajami ya fi musu saurin karatu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗi a fili ba. Ma'aikaci da yawa yana son taron birni ne saboda alawus ɗin tafiya da na kwana. Idan kos ta waya ta zo ta ɗauke wannan ba ta kawo kome ba, za a yi mata riƙon sakainar kashi, har wani ya miƙa wa ɗansa wayar ya latsa masa amsoshi. Maganinsa shi ne takardar shaidar ta shiga fayil ɗin mutum, a duba ta wajen ƙarin girma, jarrabawa kuma a yi ta bakin aiki, shugaban sashe ya tsaya ya ga an ba yaro magani daidai.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Malamin gona sai ya gama nasa kafin shuka ta kankama cikin Yuni, masu rabon magani kuwa kafin zagayen farko, wanda a Katsina aka saba yinsa cikin Yuli.