Nisa da Lokaci a Tafiyar Jirgin Sama: Misali Daga Sakkwato Zuwa Kano

Gabatarwa

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa jirgin sama ya naɗe ƙasa kamar tabarma. Manufar wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce a duba iyakar gaskiyar wannan magana, ta hanyar auna tafiyar mutumin Lafani, a ƙasar Illela, wanda wata larura ta kasuwanci ko ta jinya ta kira shi Kano.

Yadda Ake Auna Nisa

Ma'aikatan jirgin sama ba sa lissafi da kwane-kwanen hanya, sai da miƙaƙƙen layi. Ma'auninsu shi ne mil na teku, wanda ya yi daidai da kilomita 1.852. Daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar III na Sakkwato zuwa na Malam Aminu Kano akwai kimanin kilomita 370, watau wajen mil 200 na teku. Amma hanyar mota, wadda takan bi ta Gusau da Funtuwa, ta haura kilomita 500.

Yadda Ake Lissafin Lokaci

Ƙa'idar ita ce a raba nisa da saurin jirgi. Jirgi mai injin jet yakan yi kimanin kilomita 800 a sa'a guda, saboda haka a kan takarda bai kamata ya wuce rabin sa'a ba. Mai farfela kuwa, da ke yin wajen kilomita 500, zai ci kusan minti 45. Sai dai kuma lissafin takarda dabam, abin da ke aukuwa dabam. Jirgi ba ya kai cikar saurinsa sai ya gama hawa, kuma tilas ya sassauta kafin sauka. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka su ke cinye kaso mai yawa na lokacin. Ga kuma iska, wadda takan tura jirgi ko ta tokare shi, ga hazon hunturu da kan hana tashi ɗungum.

Abin da Matafiyi Zai Lura da Shi

Mutumin Lafani sai ya fara cin kilomita 80 da wani abu daga Illela, ta Gwadabawa da Kware, kafin ya iso Sakkwato, filin jirgin kuma yana can kudu da birnin. Bayan haka akwai zaman jira da bincike. Idan kuwa bai sami jirgin da zai miƙe Kano ba, sai ta Abuja, to nisan ya koma kimanin kilomita 850, watau fiye da ninki biyu. Nan fa mai mota na iya riga shi isa.

A tsibirai al'amarin ya sha bamban. Tsakanin Unguja da Pemba, a ƙasar Tanzaniya, kimanin kilomita 125 ne kawai, jirgi kan yi su cikin wajen rabin sa'a, kuma babu mota da za ta yi gasa da shi, sai jirgin ruwa mai ɗaukar sa'o'i.

Kammalawa

Tun 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila suka fara sauka a Kano, saurin jirgi ya ninka ƙwarai. Duk da haka, mai hankali ba ya auna tafiya daga fili zuwa fili, sai daga ƙofar gidansa zuwa inda bukatarsa take.