Kwamfuta ta ƙi tashi: tsakanin ji-ta-ji-ta da gaskiya

Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, ba za ka yi nisa ba sai ka ga shagon da ake buga takardu, ake cike wa ɗalibai fom. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, irin waɗannan shaguna suka zama wurin cin abincin matasa da yawa a cikin birnin Zazzau. Galibin kwamfutocin tebur da ke cikinsu na hannu ne, Dell ko HP, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan. Ranar da ɗaya ta ƙi tashi, kowa a layin zai kawo nasa bayanin. Wani bayanin gaskiya ne, wani rabi, wani kuma shi ke sa mutum ya yi asarar na'urar da ba ta mutu ba.

Kafin komai, "ta ƙi tashi" iri biyu ce. Akwai wadda za ka danna makunni ba fitila, ba ƙarar fanka. Akwai kuma wadda fanka ke juyawa, fitila ta kama, amma allo ya tsaya baƙi. Ta farko matsalar wuta ce. Ta biyu wuta ta shiga, wani abu ne daban ya tsaya. Duk mai gyaran da bai fara da wannan tambaya ba, a yi hattara da shi.

Maganar da aka fi yi ita ce "bairos ne ya kashe ta". Idan ko fanka ba ta motsi, wannan ba gaskiya ba ne. Bairos manhaja ce, ba ta aiki sai na'ura ta tashi. An taɓa yin wani mai suna CIH, wanda ya ɓulla a Taiwan a 1998, yana goge umarnin farko da kwamfuta ke tashi da shi, amma ko shi allo yake bari baƙi, ba ya hana wuta shiga. Saboda haka wanda ya ce a biya shi ya goge komai ya sa sabuwar Windows a na'urar da ba ta karɓar wuta, ya faɗi abin da ba zai yiwu ba.

"NEPA ce ta ƙone ta." A nan akwai ƙamshin gaskiya, ko da yake sunan NEPA ya kau tun 2005, kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Zariya yanzu. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma lokacin da aka dawo da ita, ko aka sauya daga janareta, takan yi tsalle ta wuce haka. Amma abin da ke fara karɓar dukan shi ne akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, mai mayar da wutar bango zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Sau da yawa shi kaɗai ke ƙonewa, sauran kayan lafiya lau, kuma ana sauya shi cikin 'yan mintuna. Kafin ma a zarge shi, a bi wutar daga bango: a gwada soket da cajar waya, a cire ekstenshan a jona kai tsaye, a duba fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku, a ari wayar monita a gwada, domin yawanci bakinsu ɗaya. Idan akwai UPS, a tsallake shi, batirinsa kan mutu bayan 'yan shekaru ya riƙe wutar. Sannan a zare waya, a danne makunni na kamar rabin minti, a mayar. Wannan kaɗai yakan tayar da wasu.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ɗan jan makunnin da ke bayan wasu tsofaffin kwamfutoci, mai rubutun 115 da 230. Ana cewa idan wuta ta yi ƙasa a tura shi 115, wai zai ƙara mata ƙarfi. Don Allah kada a yi. An sa shi ne saboda ƙasashe irin Amurka, inda wutar gida take bolt 120. A nan, wuta na dawowa daidai fawa-fak zai yi ƙara ya yi hayaƙi. Sabuwar shigowa ma, a duba makunnin yana kan 230 kafin a jona ta.

Sitabilaiza kuwa yana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko sama a hankali, amma ba ya tare tsawa. Idan hadari ya haɗo a damina, a zare filogi gaba ɗaya. Da yawa daga tsofaffin gidajen cikin ganuwa an ja musu wuta ba tare da wayar ƙasa ba, shi ya sa akwatin kwamfuta kan ɗan ja mutum idan ya taɓa shi. Wannan aikin mai haɗa wutar gida ne.

Batun ƙura gaskiya ne tsantsa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, na'ura ta yi zafi ta kashe kanta, tana kuma shiga ramin da ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ke zama. Idan fanka na juyawa, allo baƙi, ko tana ƙara ɗiit-ɗiit, a kashe, a zare waya, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu don sauke wutar jiki da bushewar hunturu ke tarawa, a cire ram, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da magogin fensir, a mayar har ya danna. Abin da ba gaskiya ba shi ne wai fetur na wanke shi, ko shanya na'ura a rana na farfaɗo da ita. Fetur na cin roba, ga haɗarin gobara. Kyankyaso da tsaka ma kan shiga fawa-fak saboda ɗumi su haɗa wuta, amma kada wanda ba gwani ba ya buɗe shi, domin yana riƙe da wuta mai kisa ko bayan an zare shi.

Ɗan batirin da ke cikin kwamfuta mai kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3, aikinsa riƙe agogo da saiti. Idan ya mutu, kwanan wata ne ke rikicewa. A wasu na'urori yakan hana tashi, don haka sauya shi ba laifi, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Ji-ta-ji-tar da ta fi cutarwa ita ce "tunda ta mutu, komai ya tafi". Takardu da hotuna suna kan had-disk, kuma ba ya buƙatar wuta don ya riƙe su. Ko da babban allon cikin, wato madabod, ya ƙone, yawanci ana ciro had-disk a jona a wata kwamfutar a kwashe komai. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko na Kwalejin Nuhu Bamalli da ya bar aikinsa na kammala karatu a shago, ya nemi a yi haka kafin ya sake bugawa daga farko. Mai shagon kuma, idan zai kai kwamfutar Sabon Gari ko Tudun Wada gyara, ya ce a gwada wani fawa-fak a gabansa, kuma kada ya sayar da ita ga 'yan gwangwan da had-disk a ciki, domin akwai sunaye da hotuna da lambobin mutanen da suka amince suka ba shi.