Aiki Daban, Wasa Daban: Darasin Motsa Jiki a Firamaren Ƙasar Bade

Garin Dagona yana ƙaramar hukumar Bade da ke arewacin Jihar Yobe, a cikin makekiyar fadamar nan da ta miƙe daga Haɗejia zuwa Nguru da Gashua, inda kogunan Haɗejia da Jama'are ke malala kowace damina kafin ruwansu ya tattaru ya zama kogin Yobe. Abin da ya fito da sunan garin shi ne tafkinsa, wanda tsuntsaye masu gudun sanyin Turai ke sauka a kansa da hunturu, har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarce shi a 1989, kuma a 2008 aka sanya shi cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Mutanen yankin, Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, masunta ne da manoman shinkafa da gero da makiyaya, kuma 'ya'yansu suna sa hannu a waɗannan sana'o'i tun kafin su isa shiga aji ɗaya.

Wannan ne ya sa idan aka ɗago maganar darasin motsa jiki a makarantun firamare na irin wannan wuri, amsar da ake yawan ji daga iyaye, har ma daga wasu malamai, ita ce yaron ƙauye ba ya bukatar a koya masa gudu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana, idan aka yi ƙiyasin mako, yana motsin da zai sa zuciyarsa ta ƙara bugu numfashinsa ya ƙaru, sannan a kwana uku na mako ya yi mai tsanani tare da irin wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Damuwar da ta haifar da waɗannan ƙa'idoji ita ce zaman wuri ɗaya, domin binciken da masana hukumar suka wallafa a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ma'auni. Yaron da ya kora awaki tun asuba, ya taka zuwa makaranta, ya dawo ya yi korar tsuntsaye a gonar shinkafa, da wuya a ce zama ne ke cutar da shi.

Kuskuren yana wajen ɗaukar cewa gajiya da ilimin motsa jiki abu ɗaya ne. Aikin gida yana maimaita motsi guda a gaɓa guda, kamar ɗaukar jarka a ka ko sunkuyon dashen shinkafa, kuma sau da yawa nauyin ya fi ƙarfin ƙashin da bai gama ƙwari ba. Darasin makaranta kuwa, idan an koyar da shi yadda ya kamata, yana bin gaɓoɓin jiki ne daki-daki domin yaro ya mallaki abin da masana ke kira ginshiƙan motsi, wato gudu da tsalle da jifa da cafka da tsayuwa a ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba, waɗanda an fi saurin kama su a shekarun firamare. A cikinsa ne kuma yaro ke koyon jiran layinsa, da bin hukuncin alƙalin wasa ko bai yi masa daɗi ba, da shan kaye ba tare da an ba hammata iska ba. Kiwo da ɗiban ruwa ba sa koyar da wannan, domin yawanci yaro shi kaɗai yake yin su ko a ƙarƙashin umarnin babba.

A takarda, Nijeriya ba ta yi sakaci da darasin ba. Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka ambaci ilimin motsa jiki da kiwon lafiya cikin abin da za a koyar a firamare, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Amma lokacin da aka sake fasalin manhaja a 2012 domin rage yawan darussa, sai aka cusa motsa jiki cikin darasi guda tare da kimiyya da fasaha da ilimin kwamfuta, lamarin da ya sauƙaƙa mayar da shi rubutun allo, inda ɗalibi zai haddace tsawon filin ƙwallo da sunayen ƙasusuwa alhali bai fita daga aji ba. Manhajar da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 ta dawo da shi darasi mai zaman kansa, sai dai sauya suna a jadawali ba ya sauya abin da malami ya saba, musamman da yake ba a auna tsalle ko gudu a jarrabawar fita firamare, abin da ba a jarrabawa a kansa kuwa shi ake fara sadaukarwa idan lokaci ya ƙure.

Saboda haka tallafi na farko malami ne, kuma a nan ƙasar Bade ba ta rasa madogara ba, tunda Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke horar da malamai tana Gashua, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2013. Makarantar ƙauye ba za ta samu ƙwararren malamin wasanni nata na kanta ba, kuma ba dole ba ne ta samu. Abin da ake bukata shi ne malamin aji ya iya raba yara saba'in rukuni-rukuni ta yadda kowa zai kasance cikin motsi, maimakon abin da aka fi gani, wato a jefa ƙwallo ɗaya tsakanin manyan yara maza, sauran su koma gindin bango suna kallo har a kaɗa ƙararrawa.

Ƙorafin rashin kayan aiki shi ma ya kamata a sake auna shi. Langa ba ta bukatar komai sai fili da yara: ɗan wasa yana riƙe ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗayar, yana ƙoƙarin ture abokin hamayya har ya saki ƙafar ko ya faɗi, yayin da 'yan ƙungiyarsa ke kare wanda ake kira ruwa har ya isa wurin sha. Wanda ya dubi wasan da idon masani zai ga ƙarfin cinya da daidaiton jiki da dogon numfashi da dabarar ƙungiya duk a tattare, abin da makarantun birni ke sayen kaya masu tsada domin samunsa. Ba kuma wasan raini ba ne, domin langa da kokawa da dambe suna cikin wasannin gargajiyar da ake fafatawa a kansu a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Dambe dai bai dace da firamare ba, amma kokawa a kan yashi, idan an haɗa yara sa'o'in juna a nauyi kuma malami na tsaye, ta dace. Igiyar tsallake ana iya tufka ta da kabar goruba da ke ko'ina a yankin, carafke tana horar da ido da hannu da 'yan tsakuwoyi kawai, gaɗa kuwa, da tafinta da tsallenta da faɗawar da yarinya ke yi a hannun ƙawayenta su cafe ta, motsa jiki ce cikakkiya. Abin takaici shi ne yara da yawa sun ɗauka waɗannan wasanni na dandali ne, ba su da gurbi a harabar boko.

Maganar 'yan mata ta fi kowacce bukatar hikima, domin su ne suka fi ɗaukar aikin gida da talla, kuma su ne ake fara janyewa daga fili da zarar sun kai aji huɗu ko biyar. Iyayen da ke ƙin a ga 'yarsu tana gudu a gaban maza da gajeren wando ba su ƙi lafiyarta ba, suturarta suke karewa, kuma makarantar da ta ware wa mata lokacinsu ko gefensu, ta bar su da dogon wando da ɗan hijabi, ta ɗora malama a kansu, ta kawar da mafi yawan dalilin ƙin. Malaman addini suna da abin faɗa a nan, tunda ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma jan hankali ɗaya daga limamin gari yakan yi tasirin da takardar ofis ba za ta yi ba.

Inda ƙasar Bade ta bambanta da sauran wurare shi ne ruwa. Iyo gado ne a nan, kamar yadda bikin kamun kifi na masarautar Bade da ake yi a Gogaram yake nunawa, kuma babu dokar da za ta raba ɗan masunci da kogi. Amma ruwan kwance na fadama, musamman inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda kogin Haɗejia ke gudana, matattara ce ta ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana huda fatar mai wanka ta shiga jini, daga baya yaro ya fara fitsarin jini, jininsa ya ragu, kuzarinsa ya tafi, kuma yara 'yan makaranta ne suka fi kamuwa saboda su suka fi daɗewa a ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa rabin darasin da ya shafi kiwon lafiya ba ado ba ne a Dagona: malami ne zai gaya wa yaro cewa fitsarin jini ciwo ne ba alamar girma ba, cewa yin fitsari a ruwa shi ke mayar da ƙwayar ga wasu, kuma cewa maganin praziquantel da ake rabawa ta makarantu yana kashe ta. Haka nan ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna a Gashua da kewayenta, ta tuna cewa iya iyo a tafki daban yake da sanin ruwa mai ja, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san cewa wanda ke nutsewa ana miƙa masa sanda ko igiya ko a jefa masa jarkar da ba komai a ciki, ba a faɗa ruwan a bi shi.

Sai batun lokaci da ciki. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a arewacin Yobe yana haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura tana tayar da tari da asma, don haka darasin da aka ajiye a ƙarshen jadawali, wajen tsakar rana, ko dai a soke shi ko ya zama azaba. Mayar da shi sa'ar farko ta safiya ba ya cin ko kwabo. Randar ruwa mai tsabta a bakin fili ita ma tilas ce, balle a yankin da ciwon ƙoda ya daɗe yana damun jama'a har hukumomi suka sa a binciki musabbabinsa. Kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya: yaron da ya fito ba karin kumallo ba a sa shi zagayen fili, wanda ya sa ciyar da ɗalibai, irin shirin da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016, yake da alaƙa ta kai-tsaye da wannan darasi a duk inda abincin ke isa.

Sai batun filin wasan kansa. Kuɗin gina ajujuwa da katanga suna fitowa ne daga asusun ilimin bai-ɗaya, wanda doka ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, jihohi kuma su zuba nasu kason kafin su karɓa, kuma Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare na Yobe a 2019. Sai dai yawaitar gini tana da nata haɗarin, domin sabon aji sau da yawa a tsakiyar filin wasa ake dasa shi, abin da ya rage kuma maƙwabta su ci iyakarsa da gona ko shago. Kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi mai gari da iyaye maza da mata da malamai, shi ne ya fi kusa da wannan matsala, kuma yana da ikon ya shata iyakar filin a gaban shaidu, ya kewaye shi da darbejiya domin inuwa, ya sa a share ƙaya da fasassun kwalabe a farkon kowane zango, sannan ya nemi a nuna masa wurin da za a aza tubalin sabon gini kafin ɗan kwangila ya sauke yashi.