Haƙorin Kare Shi Ne Makaminsa

Daga Wakilinmu na Arewa, Keffi

Da zarar an kawar da amfanin gona, 'yan farauta na ƙauyukan Keffi, a Jihar Nasarawa, sai su bazama daji da karnukansu. Ko wannensu ya san kare marar fiƙa ba ya riƙe ko zomo. 'Yan'uwanmu masu gadi a Ikko da Badun, waɗanda aka damƙa wa karnukan masu gida, su ma ya kamata su san haka.

Kwikwiyo haƙora 28 gare shi. Kafin ya cika wata 7 ya famfare, ya fid da 42, kuma daga su babu wasu. Tuwo da ƙanzo kan maƙale, su haifar da warin baki da kumburin dasashi, har haƙori ya faɗi.

Maganin ba wuya. A saba masa tun yana ƙarami: a naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, a jiƙa da ruwa, a goge masa kullum. Kada a sa makilin na mutane, don haɗiyewa zai yi, ya cuce shi. Kada a ba shi dafaffen ƙashi, yana fasa haƙori.

Amma hattara! Karen da halinsa ya sauya, yana dalalar da miyau, kada a sa masa hannu a baki, mai yiwuwa ciwon hauka ne. A kira likitan dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya garzaya asibiti. Allurar riga-kafi ta shekara-shekara ita ce kariyar kare da ta mai kula da shi.