Ƙwayar da ke warkarwa, ita ce kuma ke nakasawa: Gargaɗi kan Dexamethasone da Prednisolone a kasuwannin Duwala

Daga wakilinmu a Duwala

Duk wanda ya san unguwar Hausawa ta New Bell da kewayen babbar kasuwar Duwala, ya san cewa magani ba ya wuyar samu. Daga wurin nan da ake kira Gazon har zuwa bakin ruwan Youpwé inda ake sauke kifi, masu tallar magani a tire da kwali suna nan birjik. Cikin abin da suke sayarwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu araha, waɗanda ɗan dako ke sha don ciwon jiki, mai asma ke sha don numfashi ya sake, budurwa kuma ta sha don ta yi ƙiba. Sunansu Dexamethasone da Prednisolone, ko kuma Célestène da Solupred da Cortancyl kamar yadda aka san ire-irensu a kantunan magani na ɓangaren Faransanci. A Kano da kewaye, masu neman ƙiba sun yi wa irinsu laƙabi da "sha ka fashe".

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani cewa waɗannan magunguna ne na gaskiya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin kotisol, wanda ke daidaita hawan jini da sukari, ya kuma kwantar da kumburi. Masana sun kwaikwayi wannan sinadari ne suka haɗa ƙwayoyin. A shekarar 1948 Dokta Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya fara gwada kotizon a kan mai fama da amosanin gaɓɓai, kuma a 1950 shi da wasu masana biyu suka sami kyautar Nobel. Haka nan a watan Yunin 2020, wani bincike da Jami'ar Oxford ta Ingila ta jagoranta ya nuna cewa Dexamethasone ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu cutar korona da aka sa wa na'urar numfashi.

Likitoci na ba da su idan asma ta tashi da ƙarfi, da borin jini mai tsanani, da wasu cututtukan fata da na gaɓɓai da na ƙoda. A gari irin Duwala, inda ruwan sama da danshi ke yawa, ga hayaƙin motoci da na bandar kifi, masu asma ba su da kaɗan. Ga irin waɗannan, likita kan rubuta Prednisolone na kwana 5 zuwa 7, a sha da safe bayan an ci abinci, sannan a tsaya. Idan aka bi haka, amfanin ya fi illar nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce saurin da maganin ke yi wajen kawo sauƙi. Mutum ya sha yau, gobe ya ji garau, ga cin abinci ya buɗe. Sai ya mai da shi abin sha kullum, alhali ƙwayar ba ta kashe ƙwayar cuta, danne kumburi kawai take yi, tare da raunana garkuwar jiki. Mai tari da ya daɗe yana iya jin sauƙi na ɗan lokaci, alhali tarin fuka na ci gaba da cin huhunsa.

Ita kuwa ƙibar da ake nema, ruwa ne da kitse da ke taruwa a fuska da ciki da ƙeya, yayin da hannuwa da ƙafafu ke sirancewa. Fuska ta yi zagaye kamar faranti, fata ta yi laushi har ta riƙa tsagewa. Bayan watanni sai hawan jini da ciwon sukari su biyo baya, ƙashi ya yi rauni ya riƙa karyewa da ƙaramin dalili, ido ya yi yana, yaro kuma girmansa ya tsaya. Abin takaici shi ne yadda wasu iyaye mata ke haɗa wa amarya wannan ƙwaya da sunan gyaran jiki kafin biki.

Akwai kuma haɗin nan da masu talla ke ƙullawa a leda don ciwon jiki, inda ake zuba ƙwayoyi uku ko huɗu ba suna, ba kwali. Idan aka gama Dexamethasone da Diclofenac ko Ibuprofen, haɗarin gyambon ciki da zubar jini a ciki yana ƙaruwa ƙwarai. Kuma kada ƙanƙantar ƙwayar ta ruɗi kowa: Dexamethasone ya fi Prednisolone ƙarfi kusan sau shida zuwa bakwai.

Haɗarin yankewa lokaci guda

Wannan shi ne abin da ya fi shafar fatake. Wanda ya yi sama da mako uku yana sha kullum, jikinsa na rage yin nasa kotisol, tunda yana samu daga waje. Idan ya yanke kwatsam, sai kasala da amai da jiri su kama shi, jini ya faɗi ƙasa, yana iya suma, yana iya rasa ransa. Don haka duk wanda ya karanta wannan ya tsorata, kada ya zubar da maganin yau. Ya je asibitin Laquintinie ko asibitin gundumar New Bell ko wanda ya fi kusa da shi, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha da tsawon lokacin, domin a riƙa rage masa a hankali.

Haka kuma wanda likita ya ɗora a kan maganin, idan zai kama hanyar Ngaundare ko Garwa ko Marwa ko Kusiri, ya ɗauki wanda zai ishe shi har da rara, da takardar likita, don mota na iya lalacewa a daji. Idan azumi ya zo, ya tambayi likita ko zai mai da shan zuwa lokacin sahur maimakon ya tsallake.

Nauyin da ke kan 'yan kasuwa

Hukumomi sun fara motsi. A watan Agustan 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya haramta shigo da mayukan shafawa masu ɗauke da irin wannan sinadari. A Kano kuwa, a 2024 aka rufe shagunan dillalan magani na Sabon Gari, aka umurce su da komawa sabuwar cibiyar Dangwauro. Sai dai doka ba ta iya tsayawa a kan kowane tire.

Kwalayen nan ta hannun 'yan kasuwa suke ƙetare iyaka, ta Banki da Amchide, ta Gamboru da Fotokol, kuma a hannunsu ake saye. Mai shago da ya ga mace na dawowa duk mako tana sayen ƙwaya ɗaya, fuskarta na ƙara kumbura, ya san abin da ke faruwa. Ribar ƙwayar ba ta kai kuɗin shayi ba, amma jinyar ciwon sukari ta har abada ce. Shugabannin kasuwa da limamai da sarakunan Hausawa na da rawar takawa wajen faɗakarwa, musamman ga iyayen amare. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma tsare mu da cin abin da zai cutar da ɗan'uwa.