Cunkoson Jama'a da Jikin Ɗan Adam: Yaushe Taro Ke Zama Haɗari?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Talata Mafara a Talatar ƙarshe kafin Babbar Sallah ya san abin da ake kira cika. Tun da hantsi motoci da babura ke sauke mutanen Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke gefen madatsar ruwa ta Bakolori. Da safe mutum kan yi ciniki cikin walwala, amma kafin azahar sai ya ji gumi ya jiƙa masa riga, ransa ya fara ɓaci ba tare da wani ya zage shi ba. Haka abin yake a filin hawan Sallah, da gidan biki, da wuraren shaƙatawa na manyan birane, da masaukin baƙi. Wannan maƙala za ta bayyana abin da cunkoso ke yi wa jiki, ta kuma nuna cewa akwai iyaka tsakanin taro mai daɗi da taro mai haɗari, kuma iyakar nan ana iya auna ta da alli da igiyar awo.

Darasi daga wani wurin shaƙatawa

Matsalar ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A ranar 17 ga Yuli, 1955, aka buɗe shahararren filin wasannin nan na Disneyland a jihar Kalifoniya ta Amurka. An gayyaci baƙi ƙididdigaggu, amma kimanin mutum 28,000 suka shiga, da yawansu da tikitin jabu. Zafin ranar ya kai digiri 38, famfunan ruwan sha ba su aiki, abinci ya ƙare, kwaltar da aka shimfiɗa ta yi laushi har tsinin takalman mata na nutsewa a cikinta. Baƙin da suka zo neman nishaɗi suka koma da gajiya da ƙorafi. Tun daga lokacin masu irin waɗannan wurare da otal-otal ɗinsu suka mai da ƙidayar baƙi babban aiki. Sun gane cewa jin daɗin baƙo ya dogara ga abubuwa uku da jikinsa ke bukata: sanyi, da iska mai tsabta, da sararin da ƙirjinsa zai motsa.

Zafin da jiki ke fitarwa

Jikin mutum kamar murhu yake. Yana ƙona abincin da aka ci domin samun ƙarfi, kuma baligi da ke zaune ba ya aikin komai yana fitar da zafi kimanin wat 100. Idan aka sauki baƙi 20 a zaure guda, zafin da suke fitarwa ya kai wat 2,000, wato kamar an kunna dutsen guga na lantarki guda biyu an bar su a ɗakin.

Jiki na ƙoƙarin tsayar da zafinsa a digiri 37, kuma babbar dabararsa ita ce gumi. Sai dai gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, ba ya kuwa bushewa sai iska na kaɗawa a kan fata. A cikin cunkoso jiki na manne da jiki, iska ba ta da hanya. A watan Afrilu, lokacin da zafin yankinmu kan zarce digiri 40, wannan na iya kai mutum ga jiri da suma. Idan zafin cikin jiki ya wuce digiri 40 ƙwaƙwalwa kan rikice, kuma rai na iya salwanta. Yara ƙanana da tsofaffi da masu juna biyu su ne kan fara galabaita.

Iskar da muke rabawa

Iskar da muke shaƙa na ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari, da iskar kabon-dayoksaid kimanin kashi 0.04. Wadda muke fitarwa kuwa oksijin ɗinta ya ragu zuwa kashi 16, kabon-dayoksaid ya hau zuwa kashi 4. A ɗakin da ya cika, tagoginsa kuma a rufe, kowa na sake shaƙar wani ɓangare na abin da maƙwabcinsa ya fitar. Shi ya sa baƙon da ya kwana a irin wannan masauki kan tashi da nauyin kai da kasala.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙwayoyin cuta da ke tafiya cikin feshin tari da atishawa. Ƙwayar cutar sanƙarau na zaune a maƙogwaron mutane da yawa da ba su da wata alamar ciwo. A lokacin rani, busasshiyar iska da ƙura kan raunana tantanin hanci da maƙogwaro, kwanan cunkoso kuma ya ba ƙwayar damar tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A annobar 1996 mutum sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Annobar da ta ɓulla a ƙarshen 2016 ta ci gaba a 2017 daga Zamfara ta faro, kuma jihar ce ta fi jin jiki. A faɗin ƙasa ta kashe sama da mutum 1,100. Allurar rigakafi ita ce babbar kariya, buɗe taga da rage yawan masu kwana a ɗaki guda kuma su ne mataimakanta.

Matsi a kan ƙirji

Nan ne haɗari mafi sauri yake. Domin mu ja numfashi, dole haƙarƙari ya buɗe, tantanin da ya raba ƙirji da ciki kuma ya sauka ƙasa, sannan huhu ya cika. Idan an matse mutum gaba da baya, duk lokacin da ya fitar da iska sai matsin ya cike gurbin, ya kasa jawo wata. Yakan suma yana tsaye, kuma ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba oksijin. Mafi yawan waɗanda ke rasuwa a turmutsitsi wannan shaƙewar ce ajalinsu, ko da ba a taka su ba.

Masana na auna cunkoso da yawan mutane a murabba'in mita guda, wato fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Mutum 1 zuwa 2, kowa na tafiya yadda yake so. Mutum 3 zuwa 4, tafiya ta zama jan ƙafa. Daga mutum 5 haɗari ya fara. Wani injiniya Ba'amurke, John Fruin, ya nuna cewa idan an kai mutum 7 taron kan koma motsi kamar ruwa: turi daga baya kan ratsa jama'a kamar igiyar kogi, ya ɗaga mutum daga ƙasa ya ajiye shi inda bai nufa ba. Daga shingayen ƙarfe da taro ya lanƙwasa, an ƙiyasta ƙarfin turin ya kai nauyin kilo 450.

Na baya ba su san halin da na gaba ke ciki ba, don haka suke ci gaba da matsowa. Abin da ya faru ke nan a Ibadan ranar 18 ga Disamba, 2024, inda yara 35 suka rasu a wurin wani bikin yara da aka yi alkawarin raba kyaututtuka. Saboda haka ɗora laifi a kan rashin haƙurin jama'a bai wadatar ba. Bayan rasuwar alhazai fiye da 340 a wurin jifa a Mina a 2006, hukumomin Saudiyya sun sake gina gadar Jamrat ta zama hawa-hawa, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka kuma tsara lokacin jifa rukuni-rukuni. Tsarin wuri ne aka gyara, domin shi ne abin da ke hannun hukuma.

Gwaji domin aji

Malami ya zana murabba'in mita guda da alli a ƙasa. Ɗalibai su shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gwada juyawa da ɗaga hannu, a rubuta abin da suka ji. A tsaya a mutum 5, kada a wuce, kada kuma a yi turi. Daga nan a auna ɗakin taron makaranta ko ɗakin kwanan ɗalibai, a fitar da murabba'insa, a lissafa mutum nawa zai ɗauka idan an ba kowane murabba'in mita mutum 2. Sai a kwatanta da adadin da ake tarawa a ciki ranar bikin yaye ɗalibai.

Kammalawa

Wanda ya tsinci kansa cikin matsi ya ɗaga hannuwansa gaban ƙirji kamar ɗan dambe, domin ya bar wa haƙarƙarinsa sarari. Kada ya sunkuya ɗaukar takalmi ko hula. Kada ya yi jayayya da igiyar taron, ya bi ta yana zamewa gefe a hankali, yaro kuma a saɓa shi a kafaɗa. Mafi alheri shi ne ya fice tun lokacin da ya ji ana taɓa shi ta ko'ina.

Nauyi mafi girma kuwa yana wuyan mai kiran taro, ko shugaban makaranta ne, ko sarkin kasuwa, ko mai masauki, ko uban biki. Ya san girman filinsa, ya ƙidaya masu shiga, ya buɗe ƙofar fita dabam da ta shiga, ya tanadi ruwa da inuwa, kada kuma ya raba kyauta a bakin ƙofa guda. Hausawa na cewa baƙonka annabinka. Karramawar farko da za a yi wa baƙo ita ce a auna wurin da za a sauke shi kafin a aika masa goron gayyata.